Yadda Sabon Incaji Zai Riƙe Ma'aikata a Asibitin Mazaɓa: Watanni Ukun Farko

Duk wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ya san yadda ake awon ciki, ya san yadda ake nemo jijiya a ɗaura ruwa, ya kuma riƙe abubuwa da yawa daga littafin ƙa'idojin duba marasa lafiya. Abin da ba a zaunar da shi an koya masa ba shi ne yadda zai dubi ma'aikacin da ya girme shi da shekara ashirin ya ce masa ya makara, ko yadda zai raba aikin dare tsakanin mata uku waɗanda kowaccensu ke da miji da 'ya'ya a gida. Amma daga ranar da takarda ta fito daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma cewa shi ne shugaban asibiti, wato incaji kamar yadda kowa ke kira, wannan aikin ne zai fi cin lokacinsa, shi ne kuma zai nuna ko asibitin zai tsaya da ƙafarsa.

Tsarin kula da lafiya a matakin farko ya samo tushe daga taron lafiya na ƙasashen duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka wajen kafa shi, kuma a 1992 aka kafa NPHCDA, wato hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa. A 2011 aka amince da haɗa harkokin ƙananan asibitoci ƙarƙashin inuwa ɗaya a kowace jiha, sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta samar da BHCPF, wato asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Duk waɗannan tsare-tsare, idan aka bi su har ƙarshe, a kan teburin incaji suke sauka. Abin da na gani a asibitocin da na zaga shi ne, sau da yawa asibitoci biyu kan sami gini iri ɗaya da magani iri ɗaya, amma ɗaya ya cika da mata ranar awo, ɗayan kuwa a tarar da shi a kulle da ƙarfe biyu na rana. Bambancin yana wajen adalci a rabon aiki da kuma gaskiya a kan kuɗi da alƙaluma. Zan yi magana da incaji a matsayin namiji domin sauƙin rubutu, amma da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya wannan aiki mata ne.

Mako biyun farko: ka duba, ka ƙirga, kada ka sauya komai

Mataki na farko shi ne karɓar aiki a rubuce. Kada ka amince a miƙa maka makullai kawai a yi maka fatan alheri. Ka zauna da wanda ka gada, ku bi ɗaki-ɗaki ku ƙirga gadaje, da ma'aunin hawan jini, da sikeli, da firjin rigakafi, da abin da ke ɗakin magani, da abin da ya rage a asusun banki, ku rubuta, ku sa hannu ku biyu, shugaban kwamitin raya mazaɓa, wato kwamitin mutanen gari da ke sa ido kan asibitin, ya zama shaida. Abin da ka karɓa ba tare da ƙirgawa ba, kai za a tambaya ranar da ya ɓace.

Bayan kaya sai mutane. Ka karɓi jerin sunayen ma'aikatan da aka turo asibitin, ka gwada shi da fuskokin da kake gani kowace safiya, domin a wurare da yawa jerin biyu ba sa daidaita, kuma akan tarar cewa masu aikin sa-kai da 'yan wucin gadi ne ke ɗauke da rabin nauyin. Sannan ka gana da kowa shi kaɗai, kada ka tsallake mai shara da maigadi. Tambaya uku sun isa: wane aiki kake yi a kullum, mene ne ke hana ka yin sa yadda kake so, kuma da kai ne incaji me za ka fara gyarawa? Maigadi ya san wanda ke barin aikin dare da ƙarfe goma ya tafi gida, ya kuma san yawan matan da aka kawo cikin naƙuda aka juya da su saboda babu kowa. Idan ka ce masa, "Baba, ina son ka faɗa mini yadda dare ke kasancewa a nan," ka kuma yi shiru ka saurara, za ka ji abin da ba ya cikin kowace rijista. A cikin wannan mako biyun ka kwana a asibitin aƙalla sau ɗaya, domin gani ya kori ji. Ka kuma je gaisuwa wajen dagaci da limamin gari kafin su ji labarin zuwanka a bakin wani.

Jadawalin aiki

Nan ne zan fi daɗewa, saboda mafi yawan rigingimun ƙananan asibitoci daga jadawalin aiki suke tasowa, ko da an lulluɓe su da wani suna. Ma'aikaci yana iya jure ƙarancin albashi da rashin wutar lantarki, amma da wuya ya jure ganin cewa shi kullum yana aikin dare, abokin aikinsa kuwa bai taɓa kwana ba saboda yana da wani a sama.

Ka tsara jadawalin wata guda gaba ɗaya, ka fitar da shi mako ɗaya kafin watan ya kama, ka liƙa shi a inda kowa zai gani. Kafin ka rubuta, ka tambayi kowa ranakun da yake da larura ta gaskiya, kamar suna ko biki ko jarrabawa, ka sa wa'adin kawo wannan buƙata. Ka fara cike wuraren da ba a so, wato dare da ƙarshen mako da ranakun hutu, sannan ka koma kan safiya. A ƙasan takardar ka ja layi ka rubuta yawan daren da kowa ya samu, yadda duk mai ƙorafi zai iya ƙirgawa da kansa. Ranakun Sallah kuwa a yi su karɓa-karɓa: wanda ya yi aiki a Ƙaramar Sallah ya huta a Babba, a kuma rubuta hakan tun da wuri a littafin taro. Ka sa sunanka a cikin jadawalin, ka ɗauki naka rabon na ƙarshen mako. Incajin da sunansa ba ya cikin masu kwana ba shi da bakin tsawata wa wanda ya gudu daga aikin dare.

Dole jadawalin ya bi yanayin garin. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka kan haɗa cefane da zuwa asibiti, don haka ba ranar ba da hutu ba ce. Ranar awon ciki da ranar rigakafi suna bukatar ƙarin hannu. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yana ƙaruwa, ga kuma rabon maganin kariya ga yara gida-gida wanda ke janye ma'aikata zuwa waje, saboda haka hutun shekara ya fi dacewa a tsara shi nesa da damina. Sannan ka tabbatar akwai mace ma'aikaciya da za a iya samu a kowane dare, ko tana cikin asibiti ko tana kusa da waya a kunne, domin magidanta da yawa ba za su kawo matansu haihuwa ba idan sun san namiji kaɗai za su tarar.

Na taɓa zuwa wani asibiti inda ungozoma ɗaya tilo ta shafe watanni ana buga mata ƙofa kowane dare, saboda gidanta na jikin katangar asibitin. Babu wanda ya rubuta wannan a matsayin aiki, kuma da safe ana sa ran ganin ta da ƙarfe takwas kamar kowa. Da ta fara yi wa mata tsawa a ɗakin awo, sai aka ce halinta ne ya ɓaci. Sabuwar incajin da ta zo ba ta yi mata faɗa ba. Ta buɗe rijistar haihuwa, ta ƙirga haihuwar dare da ke ɗauke da sa hannun matar, ta kira ta gefe ta ce, "Yaya, wannan nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma laifinmu ne da muka bar miki shi." Daga nan ta haɗa ta da ma'aikatan lafiyar al'umma mata biyu domin ta horar da su karɓar haihuwar da ba ta da matsala, abin da manufar gwamnatin tarayya ta 2014 kan raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta ba da dama ga waɗanda suka sami horo, ta kuma sa dokar cewa duk wadda ta kwana a kan naƙuda ba za ta fito da safe ba. Cikin 'yan makonni tsawar ta ragu da kanta.

Ka kafa ƙa'ida ɗaya a kan musayar aiki: an yarda mutum biyu su yi musaya, amma sai sun rubuta a littafi sun sa hannu, ka kuma sani. Haka nan kada mai aikin dare ya tafi sai ya miƙa wa na safe hannu da hannu, a bakin gadon duk wanda aka kwantar.

Kowane aiki da sunan mai shi

Mataki na gaba shi ne ka rubuta manyan ayyukan asibiti, ka sa sunan mutum ɗaya a gaban kowanne, da sunan wanda zai tsaya masa idan ba ya nan. Aikin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe babu mai yin sa. Ɗauki firjin rigakafi a matsayin misali. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba a rubuta safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Allurar ƙyanda da ta BCG, wato ta tarin fuka, da ta shawara, da zarar an haɗa su da ruwansu, ba sa wuce awa shida. Idan ka tarar an cike takardar sanyin firji ta mako guda da biro ɗaya da lamba ɗaya a zama ɗaya, to ba a duba firjin ba, kuma gara ka gano haka da kanka kafin mai sa ido daga jiha ya gano. Mai kula da ɗakin magani kuma ya riƙe katin kowane magani, ya fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa kafin sabo, ya kuma sanar da kai tun kaya bai ƙare ba. Miƙa aiki ba ya nufin ka juya baya. Ka zaɓi rana ɗaya a mako ka ɗauki magani uku ka ƙirga da hannunka, ka gwada da abin da ke kan kati, a gaban mai ɗakin, cikin sakin fuska.

Taro da alƙaluma

Taron mako ya zama gajere, minti talatin da safiyar Litinin kafin a fara ganin marasa lafiya, a kan abu uku kawai: me ya faru makon jiya, me ke gabanmu, wa zai yi me. A rubuta abin da aka yanke, a fara taro na gaba da karanta shi. Ka bar ƙananan ma'aikata su fara magana, domin idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, kunya ba za ta bar na ƙasa ya saɓa masa ba.

A ƙarshen wata, kafin a aika fom ɗin taƙaita ayyuka zuwa ƙaramar hukuma inda ake shigar da shi DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya ta ƙasa, ku zauna gaba ɗaya ku karanta shi. A lissafin tsare-tsare ana ɗaukar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 cikin 100 na jama'a, masu juna biyu kuma kashi 5. A ce mazaɓarku na da mutum 20,000, to kuna sa ran jarirai 800 a shekara, wato kusan 67 a wata. Idan yara 60 suka karɓi Penta ta farko, wato allurar rigakafin cututtuka biyar har da mashaƙo da ake yi sau uku, amma 45 kaɗai suka kai ta uku, kun rasa 15, wato kashi 25 cikin 100, alhali duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Daga nan sai a bar lissafi a koma kan sunaye: su waye waɗannan yara goma sha biyar, a wace unguwa ko ruga suke, wa zai bi su a wannan makon? Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano da wasu jihohi daga ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba su kammala irin wannan allura ba, don haka lambar da ke kan fom rayukan yara ce. Ina roƙon kowane incaji kada ya taɓa matsa wa ma'aikaci ya ƙara lamba domin a burge ofis. Ranar da ka nemi a yi maka ƙarya a takarda, ka koya wa ma'aikatanka cewa kai ma ana iya yi maka ita.

Kuɗi

Kuɗin BHCPF da ke bi ta hukumar lafiya a matakin farko yana shiga asusun asibiti kai tsaye, bisa tsarin kashewa na wata uku-uku, kuma incaji da shugaban kwamitin raya mazaɓa ne ke sa hannu. Ka tsara abin da za a kashe tare da ma'aikata da kwamiti, ka karanta musu sanarwar shigar kuɗi ranar da ta zo, ka liƙa taƙaitaccen bayanin shiga da fita a allo, ka adana rasit na komai har na tsintsiya. Idan ana sayar da magani ta asusun da ake juyawa, tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, to farashi ya kasance a rubuce a bango, kuɗin kuma kada ya kwana a aljihun kowa. Abin da gwamnati ta ce kyauta ne, kamar rigakafin yara, a rubuta da manyan haruffa cewa kyauta ne. Wuri mafi haɗari shi ne zaɓen waɗanda za su je bita ko aikin gangamin rigakafi, inda ake samun alawus. Ka buɗe shafi a littafi, ka rubuta wanda ya je da ranar da ya je, a riƙa zagayawa, masu aikin sa-kai su ma su samu, tunda su ba su da albashin da za su jira a ƙarshen wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙaramin asibiti tsagar farko kusan kullum zargin kuɗi ce.

Gyaran kuskure

Kada ka tsawata wa ma'aikaci a gaban marar lafiya ko a gaban na ƙasa da shi. Ka kira shi ofis a ranar da abin ya faru, ka faɗi abin da ka gani da idonka ba tare da ƙari ba, sannan ka tambayi dalili. Ga wanda ya girme ka, sai ka ce, "Malam, kai ne babba a nan, yara kai suke kallo. Sau uku a makon nan na ga an buɗe ɗakin kati bayan ƙarfe tara. Lafiya dai ko?" Wataƙila ka ji cewa matarsa ce ke kwance, wataƙila kuma babu wani dalili. Ko wanne ne, ku tsayar da abin da zai sauya da ranar da za ku sake zama. Idan bai gyara ba, gargaɗi na biyu ya zama a gaban mataimakinka, a kuma rubuta. Na uku takardar neman bahasi ce, da kwafi zuwa ofishin ƙaramar hukuma. Ka bi wannan tsani ga kowa daidai, har da wanda ke taƙama da ɗan siyasa, domin rubutaccen tarihin gargaɗi shi ne zai tsaya maka ranar da aka kira ka a waya. Akwai laifukan da ba sa jiran tsani: sayar da maganin kyauta, tona asirin marar lafiya, da wulaƙanta mace a ɗakin haihuwa. Waɗannan a ranar ake kai rahotonsu. Yabo kuma a bainar jama'a ake yin sa, da suna da kuma takamaiman abin da mutum ya yi.

Shirin gaggawa da jama'ar gari

Kafin wata na biyu ya ƙare, ka tara ma'aikata ku gwada abin da za ku yi idan aka kawo mace tana zubar da jini bayan haihuwa ko tana jijjiga da ƙarfe biyu na dare. Wa zai ɗauko oksitosin, allurar tsayar da jini, daga firji, ina maganin jijjiga yake, wa zai ɗaura ruwa, wa zai rubuta takardar turawa babban asibiti, wa zai kira mota? A jihohin arewa da dama akwai tsarin da direbobin NURTW, ƙungiyar direbobin motocin haya, ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, to lambobin irin waɗannan direbobi su kasance a bangon ɗakin haihuwa, tare da lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda dole a kira nan take idan aka ga yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. Idan Allah ya ƙaddara aka rasa uwa ko jariri, ku zauna cikin 'yan kwanaki ku bi abin da ya faru daki-daki, bisa ƙa'idar bitar mace-macen mata masu juna biyu, wadda ta hana kama suna da ɗora laifi. Ma'aikacin da ya san za a tozarta shi zai ɓoye gaskiya, kuskuren kuma ya sake faruwa.

Kwamitin raya mazaɓa ya riƙa zama kowane wata, ka je da alƙalumanka, ka faɗi abin da kuka kasa kafin a faɗa maka. Tun 2009 sarakunan arewa ke da kwamitinsu na tallafa wa lafiya a matakin farko ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, saboda haka idan ka tsuguna gaban dagaci ka ce, "Ranka ya daɗe, yara goma sha biyar muke nema a unguwanni uku," ba baƙon abu ka kawo masa ba, kuma masu unguwanni za su iya kai ka ƙofar kowane gida. Ungozomomin gargajiya da wanzamai da matan shirin CHIPS, masu bin gida-gida suna wayar da kai kan lafiya, su ne ke fara jin labarin ciki da haihuwa, don haka ka karɓe su da mutunci duk lokacin da suka rako mace.

A ƙarshen wata na uku, ka miƙa wa mataimakinka makullai da littafin taro a gaban kowa, ka ɗauki hutun kwana uku, ka gaya masa kada ya kira ka sai a kan abin da ya shafi rai. Ranar da ka dawo, kafin ka zauna a ofis, ka duba abu huɗu: takardar sanyin firji, littafin miƙa aikin dare, katin magani uku da ka zaɓa, da rijistar zuwa aiki. Duk wanda ka tarar da giɓi a cikinsa, shi za ka sa a gaba a taron Litinin mai zuwa, ka sake duba sunan da ka rubuta a gabansa da na wanda ya kamata ya tsaya masa.